Zuwana bakwai Gwanzu ban san da kogi nake ciniki ba

Wannan zuwan shi ne na bakwai, amma in Allah Ya sa ka tare ni a wancan lokacin ka ce in zana maka garin Gwanzu na ƙasar Chana wallahi abin da zan iya zanawa bai wuce wuri biyar ba: filin jirgin Baiyun, masaukinmu a Xiaobei, kasuwannin Sanyuanli, kamfanonin tayil na Foshan, sai kuma siton da ake tara mana kaya kafin a loda kwantena. Shikenan. Kogi kam ina ganinsa ta tagar mota in za mu haye gada, amma ban taɓa ɗaga kai daga waya na kalle shi da kyau ba, lissafin RMB, wato yuwan kuɗin Chana, da dala da naira ya ishi mutum.

Abin da ya ja ni bakin ruwan ba son yawon buɗe ido ba ne, takaici ne. Kamfanin da muka ba aikin tayil suka ce kwana biyu, kwana biyu ta zama shida, wai an samu matsala a launi sai an sake gasa wani kaso. Alhajinmu, wanda a hannunsa na koyi wannan harka, ya yi faɗa har ya gaji ya koma ɗaki ya kwanta, ni kuma zaman otal ya ishe ni. Yaron da ke yi mana tafinta, ɗan Damagaram ne da ke karatu a can, ya ce "Yaya, maimakon ka zauna kana ƙirga kuɗin ɗaki, zo in kai ka ka ga abin da ya haifi garin nan." Na ce me ya haife shi in ba kasuwa ba? Ya yi dariya ya ce to ita kasuwar wa ya haife ta.

Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa muka fito kusa da bakin kogi, muka hau wani jirgin fito da 'yan gari ke hawa kamar yadda muke hawa a-daidaita-sahu, kuɗinsa yuwan 2 kacal, har da masu kekuna da tsofaffi riƙe da ledar kifi. Ruwan ba wani kyan gani ne da shi ba, launinsa kamar kunun kanwa da aka tsinka da yawa, kuma ba ya gudu da gaggawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da yaron ya nuna min alamar ruwa a jikin bangon gaɓa ya ce nan ɗin teku na turo ruwa ya hau sannan ya janye ya sauka kullum, duk da cewa garin ya yi nisa da ainihin teku, Hong Kong ma tana wajen kilomita 120 daga nan. Ni ɗan Kano da na saba da kogin da yake cika da damina ya ƙafe da rani yara su buga ƙwallo a cikinsa, sai da na ɗan yi shiru.

Su suna ce masa Zhujiang, wato Kogin Lu'ulu'u, kuma an ce sunan daga wani dutse ya samo asali da ke tsakiyar ruwan da, mai santsi kamar lu'ulu'u, wanda yanzu ciko ya haɗiye shi ya zama cikin gari. Amma gaskiyar magana ba kogi ɗaya ba ne. Manyan koguna uku ne suka yi mahaɗa a wannan yanki, na yamma da na arewa da na gabas, na yamman shi ne babban yayansu, tun daga duwatsun Yunnan ya taso ya yi tafiyar sama da kilomita 2,000. In aka haɗa su, duk ƙasar Chana babu mai yawan ruwansu sai Yangtze. Da suka iso kusa da teku sai suka tarwatse suka zama rassa barkatai kamar jijiyoyin ganyen kabewa, suna zuba cikin teku ta ƙofofi 8. To Gwanzu a saman wannan raga take zaune, kaya daga cikin ƙasa su gangaro ta ruwa, kaya daga waje su hauro ta ruwa, ita kuma tana tsakiya tana cin la'ada. Dillaliya ce tun fil azal. An kafa ta da sunan Panyu a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a wannan zamanin ne aka haƙa wata hanyar ruwa mai suna Lingqu da ta haɗa wannan kogin da na Yangtze, don sojoji da abincinsu, daga baya fatake suka gaje ta.

Washegari Juma'a ce, na ce masa mu fara da masallaci. Da ma mu dai masallacin da muka sani shi ne na kusa da lambun Yuexiu, wanda ake kira da sunan Sa'ad bin Abi Waƙƙas, inda ranar Juma'a za ka ga duniya ta taru, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali da Gini da Senegal, mu Hausawa, ga Musulmin Chana masu farar hula, a waje kuma masu gasa nama da masu gurasa. Musulmin can sun yi imani sahabin ne ya kawo musu Musulunci kuma kabarinsa ne a wurin. Mu kuma abin da muka karanta a wajen malamanmu shi ne ya rasu a kusa da Madina an binne shi a Baƙi'a. Ban tsaya jayayya da kowa ba, baƙo ba ya gyara wa mai gida tarihin kakansa a tsakar gidansa. Amma bayan an idar yaron ya ce akwai wani masallacin da ya fi wannan ba da labarin kogi, Huaisheng, yana kan wani titi da ake kira Guangta.

Nan ne kaina ya fara ɗaurewa. Hasumiya ce fara, zagayayya, ba ado ba komai, tsawonta mita 36, ba ta yi kama da ginin Chana ba sam, da a Agadas ko Katsina ka gan ta ba za ka yi mamaki sosai ba, ni Gobarau ma ta tuna min. Sunanta Guangta, ma'anarsa hasumiyar haske, kuma abin da ake faɗa shi ne da can a bakin ruwa take, ana kunna fitila a samanta jiragen fatake su gane sun iso, a kuma hau a duba inda iska ta dosa. Na waiga gabas na waiga yamma, babu ruwa babu alamarsa, sai shaguna da gidajen sama da babura masu lantarki. Sai da muka yi tafiyar ƙafa mai ɗan dama kafin muka sake ganin kogin. Ba hasumiyar ce ta matsa ba, kogin ne ya tsuke. Shekara da shekaru yana kwaso laka da yashi daga tudu yana jibgewa a gaɓa, mutane kuma suna bin sabuwar ƙasar suna gini a kai, har abin da yake gaɓa a zamanin daular Tang, wadda ta mulki Chana shekara dubu da ɗoriya da suka wuce, ya zama tsakiyar unguwa.

A wancan zamanin na Tang Larabawa da Farisawa suna zuwa nan da jiragen iska, Khanfu suke kiran garin. An ware musu unguwa tasu, da shugabansu da yake yi musu shari'a tsakaninsu, kamar dai yadda zango yake a Kumasi ko Sabo a Ibadan da sarkin Hausawa. Sarkin Chana kuma ya naɗa jami'i na musamman tun wajen shekarar 714 mai kula da jiragen waje da karɓar kuɗin fito. Suna kawo turare da hauren giwa da kayan yaji, su koma da alharini da tangaran. Kuma ba don son ransu suke daɗewa ba, iska ce take tsare su, da bazara take kaɗowa daga kudu ta kawo su, sai hunturu ta juya ta mai da su gida, duk wanda ya kuskure ta sai ya jira wata shekarar, a haka wasu suka yi aure suka zauna. Ba kullum ake kwana lafiya ba dai. Wajen shekarar 879 wani ɗan tawaye mai suna Huang Chao ya ci garin ya karkashe baƙin fatake, marubutan Larabawa sun kawo adadin da ya kai 120,000. Duk da haka da ƙura ta lafa aka dawo, don kogin bai tashi daga inda yake ba. Ibn Battuta ma, wanda daga baya ya zo Mali har ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci garin nan da sunan Sin Kalan ya yaba girman kasuwar tangaran ɗinsa.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne Shisanhang. Duk ɗan kasuwar da ke sarin kayan sawa a Gwanzu ya san wannan wuri, da asuba ake cinikinsa, turereniya da masu amalanke kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, ni kaina na sha raka abokai can. Ashe sunan ma'anarsa gidajen ciniki goma sha uku, kuma a daidai wannan fili ne kusan duk cinikin Turawa ta teku da ƙasar Chana ya taƙaita na tsawon shekara 85. A 1757 sarki Qianlong ya yanke cewa jirgin Bature ba zai yi ciniki a ko'ina ba sai Gwanzu, su Turawan Kanton suke ce mata. Haka aka yi ta tafiya har 1842.

Da yaron yake min bayanin yadda tsarin yake sai na ce tsaya, ai wannan fatoma ne. Bature ba shi da ikon shiga cikin ganuwar gari, ba shi da ikon zuwa da matarsa, an hana a koya masa yaren, ba ya sayen komai sai ta hannun wasu attajirai ƙalilan da hukuma ta ba lasisi. Shi attajirin ne zai ba shi masauki da sito a bakin ruwa, shi zai tsaya masa a kan kuɗin fito, in yaran jirginsa sun yi rigima shi za a kama. Daidai yadda kakanninmu fataken goro suke sauka a gidan maigida a Salaga, ya ajiye musu kaya ya nemo mai saye ya tsaya a kan bashi ya ɗauki la'adarsa, bambancin kawai nan hukuma ce ta tilasta kuma baƙon kamar ɗan kurkuku yake. In lokacin ciniki ya wuce kuma dole su tattara su koma Makau su jira. Ɗaya daga cikin fatomomin nan, Turawa na ce masa Howqua, a 1834 an ƙiyasta dukiyarsa ta kai dalar azurfa miliyan 26, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa kuɗi a duniya a zamaninsa. La'ada fa. Na ce lallai dillanci ba ƙaramar sana'a ba ce in ka samu bakin hanya.

Amma me ya sa sarkin ya zaɓi nan ya bar sauran garuruwan bakin teku? Ni a ganina, bayan na ga wurin da idona, kogin ne ya yi masa aikin mai gadi kyauta. Babban jirgi in ya taso daga teku sai ya ɗauki ɗan gari mai nuna hanya, saboda tudun yashi a ƙarƙashin ruwa da baƙo ba zai gane ba. Sannan ya bi ta wata matsatsiyar ƙofa da ake kira Humen, wato Ƙofar Damisa, hagu da dama ganuwa ce da igwa. In ya wuce nan ma ba zai kai gari ba, ruwan ya yi masa kaɗan, sai ya yada zango a Huangpu, kusan kilomita 20 kafin gari, a zo a auna tsawonsa da faɗinsa a yanka masa haraji, a sauke kayan cikin ƙananan jirage 'yan gari su ƙarasa da su. Ka ga ko'ina an riƙe shi. Ba ya shiga sai da izini, ba ya fita sai da takarda.

Mun je Huangpu ɗin rana ta uku, tsohuwar tashar, ƙauye ne yanzu da birni ya zagaye shi. Wallahi da ba a faɗa min ba zan ce wani ɗan kududdufi ne a bayan gari, 'yan kwale-kwale a ɗaure, laka, tsofaffi na shan iska, masu sayar da wani abu kamar kindirmo da ake yi da madara da citta mai zafi, na sha kofi biyu. Nan ne fa jiragen Ingila da Faransa da Holan da Suwidin suke jeruwa, nan jirgin Amurka na farko ya tsaya a 1784. Kuma abin dariyar, 'yar tafiya kaɗan daga nan ne Pazhou, inda ake yin babban baje kolin Kanton da aka fara tun 1957, sau biyu a shekara, wanda saboda shi kuɗin otal yake ninkawa mu yi ta tsaki. Na sha shiga rumfunan nan ina karɓar katin kamfanoni ban san a kan tsohon masaukin jiragen shayi nake tafiya ba.

Shayi shi ne ƙashin bayan cinikin. Kuma ba a Gwanzu ake noma mafi yawansa ba, daga duwatsun Fujian da wasu lardunan ake ɗauko shi, tangaran kuma daga Jingdezhen, a bi kogi a hau, 'yan dako su ɗauka a kafaɗa su tsallake wata mashigar dutse da ake kira Meiling wadda aka sassaƙe tun 716, sannan a sake zubawa a jirgi a gangaro ta kogin arewa har gari. A cikin jirgin Bature kuma tangaran ake shimfiɗawa a ƙasa don ba ya tsoron danshi kuma yana ba jirgi nauyi, shayi a sama. Wannan ya burge ni don mu ma haka muke loda kwantena, tayil a ƙasa kayan da ba su da nauyi a kai.

Matsalar Ingila ita ce sun kamu da shan shayi, su kuwa 'yan Chana ba su ga abin saye a wajensu ba sai azurfa. Azurfa ta yi ta kwarara gabas. Sai suka ɓullo da ofiyom, wani kayan maye da ake nomawa a Indiya, suna tsayar da jiragensa a bakin teku wajen wani tsibiri, 'yan fasa-ƙwauri su zo da dogayen kwale-kwale masu matuƙa da yawa su shige da shi ta rassan kogin nan da dare. Ragar ruwan da ta azurta garin ita ce kuma ta zama ɓarauniyar hanya, wa zai iya tsare rassa ɗari? Da abin ya yi ƙamari sarki ya turo wani jami'i mai taurin kai, Lin Zexu, ya ƙwace akwati sama da 20,000, ya sa aka haƙa ramuka a Humen aka narkar da shi da gishiri da farar ƙasa aka kora teku, an fara ranar 3 ga Yuni 1839 aka kwashe kwana 23 ana yi. Ingila ta mai da martani da yaƙi. Kuma a nan ne gadin da kogin yake yi ya ƙare, don sun zo da jirgin ƙarfe mai tururi wanda ba ya jiran iska kuma ba ya nutsewa da zurfi, ya bi ta ƙananan rassan da ba a taɓa zaton jirgin yaƙi zai bi ba ya zagaye ganuwoyin ta baya. A 1842 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a garin Nanjing, Chana ta ba da tsibirin Hong Kong, ta biya dalar azurfa miliyan 21, ta buɗe tashoshi 5. Ba a yi shekara goma sha wani abu ba Shanghai ta sha gaban Gwanzu, tunda ita a bakin Yangtze take kuma ta fi kusa da gonakin shayi da alharini.

Gidajen nan goma sha uku gobara ta cinye su a 1856 lokacin yaƙin ofiyom na biyu, ba a sake gina su ba. Turawan suka koma wani tudun yashi a gefe, suka haƙa rami suka raba shi da gari ya zama tsibiri, Ingila ta ɗauki kashi huɗu cikin biyar Faransa ta ɗauki ɗaya. Shi ne Shamian. Mun zaga shi da yamma, manyan bishiyoyi, gine-ginen Turawa, amare da angwaye ana ta ɗaukarsu hoto, ni dai GRA ta Nasarawa ya tuna min, wurin da aka gina don kada a cakuɗu da 'yan ƙasa. A nan ne yaron ya ce "Yaya, ka lura da sunayen nan kuwa? Shamian, Huangsha, Nansha." Ya ce sha ɗin nan da kake ji yashi ne. Fuskar yashi, yashi rawaya, yashin kudu. Rabin wuraren da muke yawo a kai kogin ne ya haife su da cikinsa.

Rana ta huɗu na matsa sai mun je inda kayanmu suke shiga jirgi, don shekara da shekaru ina ganin Nansha a takardar lodi ban san ko gabas take ko yamma ba. Alhaji ya ji muna shiri ya ce "kai dai ba ka gajiya, in ka ga kwantenar tawa ka gaishe ta." Tafiya ce mai nisa kudu, har ƙarshen layin jirgin ƙasa sannan mota, ka wuce gonakin ayaba da rake da tafkunan kifi, ƙasa shimfiɗe kamar faranti babu ko tudu. Ba a barin mutum ya shiga cikin tashar haka kawai, daga nesa muka tsaya, amma ko daga nesan ya isa. Injinan ɗaga kaya jere kamar raƙuman dawa sun miƙa wuya, kwantena a tsibe kala-kala har inda ido ya tsaya, jirgi guda ɗaya ya fi layin shagunanmu tsawo. An buɗe wannan tasha a 2004, kuma tashoshin Gwanzu gaba ɗaya yanzu suna juya kwantena sama da miliyan 20 a shekara, akwai ma sashen da motocin ɗaukar kwantena suke yawo ba direba.

A tsaye a wurin ne lissafin ya haɗu a kaina. Tashar farko tana gindin hasumiyar masallaci. Yashi ya cike ta, jirage suka ƙara girma, aka gangara Huangpu. Nan ma ta yi kaɗan aka matsa gaba aka yi sabuwar Huangpu a ɗaya gaɓar, ita ma manyan jiragen yanzu suka fi ƙarfinta, ga gadar Humen da aka gama a 1997 ta gitta a sama, sai aka tsallake duka aka zo nan bakin teku a kan ƙasar da ita ma laka ce jiya. Shekara dubu da ɗoriya gari yana bin tasharsa a guje tana gangarawa kudu. Kuma har yau ba a huta ba, jiragen yashe ƙasa suna nan suna kwasar laka daga hanyar jirage, in aka daina kogin zai koma halinsa.

Wani abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne yawan ƙananan jiragen dakon kaya, masu faɗi marasa tsayi, da ke ta shige da fice ɗauke da kwantena ashirin, hamsin, wasu yashi wasu duwatsu, wani ma da shanyar wanki a baya da tukunyar fure, alamar iyali a ciki suke kwana. Su ne suke kwaso kaya daga ƙananan tashoshin cikin rassan kogi su kawo wa manyan. Foshan mai tayil, Shunde mai kujeru da kayan lantarkin gida, Zhongshan mai fitilu, Dongguan mai takalma da kayan waya, har Shenzhen da aka mai da yankin ciniki na musamman a 1980, duk a bakin ruwa ɗaya suke tsugune. Da na ɗauka arhar kayan Chana arhar lebura ce kawai. Akwai wannan, amma akwai kuma cewa mai kamfani yana da hanya har teku a bayan katangarsa, kuma kaya mai nauyi irin namu babu abin da ya kai ruwa sauƙin ɗaukarsa.

Nan fa zuciyata ta tafi gida. Kayan nan za su yi kwana arba'in ko fiye a teku, su sauka Legas, abokanmu na Maraɗi da Damagaram nasu ya sauka Kwatano ko Lome, daga nan kuma sai tirela, kilomita dubu da wani abu a kan kwalta, wani lokacin kuɗin motar yana neman kamo kuɗin jirgin da ya ratso rabin duniya. Alhali muna da Kwara da Binuwai. Turawan mulki ma da suka so fitar da kayan Arewa ta ruwa suka fara tunani, shi ya sa layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, a bakin Kwara. Na san namu kogin da halinsa, da rani yakan ja baya ya bar tudun yashi, amma ai wannan ma na ga yashin ne da shi, kullum cikin kwashe masa ake. Na faɗa wa yaron haka, ya ce "Yaya ni garinmu ko kogin ma babu, kai da kake da na kuka ai ka gode Allah."

Da dare muka dawo cikin gari muka tsaya a gadar Haizhu, ita ce gada ta farko da aka ɗora wa kogin a garin, 1933, ƙarfe ce zalla. Fitilu ko'ina, hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600 tana canza launi, jiragen 'yan yawon buɗe ido sun sha ado kamar motar amarya. Can ƙasa kuma a gefen bango wani tsoho ya jefa ƙugiya yana jira, bai ko ɗaga kai ya kalli fitilun ba. Muna nan wayata ta yi ƙara, Alhaji ne, ya ce kamfani sun kira tayil ya fito gobe da sassafe za a loda, in zo mu kwanta da wuri.

Da safe a Foshan, bayan mun ƙirga kwali mun duba launi an rufe kwantena an buga mata hatimi, na sa yaron ya tambayi mai kula da lodin ta wace hanya za ta bi zuwa Nansha, mota ko ruwa. Mutumin ya kalle ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa, ya nuna bayan kamfanin da haɓarsa ya faɗi wata kalma guda. Alhaji ya ce "me ya ce?" Yaron ya ce wai jirgi. Alhaji ya gyara hularsa ya ce shi dai ko a kan jaki za a ɗora ta, ta isa Kano kafin azumi.